Filin Tambaya da Amsa: Wace tukunyar firesha zan saya don dafa hatsin irin naman kaza?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda mukayi bayani kwanaki cewa ana iya noman naman kaza a ɗaki ɗaya da karan dawa ko tattakar shinkafa saƙonni suketa shigowa, kuma yawancinsu akan abu ɗaya suke, wato tukunyar dafa hatsin iri, hatsin da ake renon farin zaren naman kaza a jikinsa kafin a zuba shi cikin kara. Naman kaza dai shine wanda wasu ke cewa laimar kwaɗi, amma fa irin na ci wanda ake nomawa nake nufi, ba wanda ke fitowa a juji da damina ba, wannan kada wanda ya tsinko ya kai baki don a cikinsu akwai mai kisa. Na zaɓo biyar daga cikin saƙonnin.

TAMBAYA: Salam Malam ina wuni ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Na fara noman naman kaza irin oyista a wani ɗaki da ba'a kwana a gidanmu, irin daga Ibadan nake saya ana sako min a mota, to wlh kafin ya iso wani lokacin zafi ya galabaitar dashi ga tsada ga kuɗin mota, shine nace bari na gwada haɗa nawa da dawa. Na wanke dawar na ɗan dafa na zuba a kwalaben Bama guda 12 na turara su a tukunyar tuwon suna awa 2 cif kamar yadda ake turara dambu, na zuba musu iri, amma bayan kwana 5 duk sunyi ruwa ruwa suna wari kamar kamun da ya kwana uku. Wata ƙawata tace sai da tukunyar firesha. Naje kasuwa naga kala kala, ƙanana da manya, akwai na wuta akwai na gas har kaina ya ɗaure. Wacce zan saya? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdulillahi, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ƙawarki tayi gaskiya, kuma kada ki ga laifin hannunki, ruwa ba ya tsami banza. Abinda ya lalata miki dawa tun daga gona yake jikinta. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya na ƙasa, masana na kiran danginsu Bacillus, idan suka ji wuya sai su dunƙule su yi wa kansu ɓawo mai tauri su kwanta kamar sun mutu, a wannan halin tafasasshen ruwa ba ya kashe su da sauƙi. Kin dafa, kin turara, sauran ƙwayoyi duk sun mutu, su kuwa suna nan, da kwalba ta huce suka farka suka tarar da dafaffiyar dawa ga danshi ga ɗumi babu mai yi musu gasa, to kafin farin zaren naman kazan ya ce zai kama sun riga sun cinye wurin. Wannan tsamin da kika ji aikinsu ne.

Matsalar tukunyar tuwo ita ce ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, ko ki tura itace ɗauri guda a murhu, ƙarin wuta ƙarin tururi ne kawai da ƙonewar ruwa, zafin yana nan inda yake. Sai an tsare tururin an hana shi fita sannan zafi ke hawa, wannan shine aikin tukunyar firesha. Wani Bafaranshe Denis Papin ne ya fara ƙera tukunya mai wannan dabarar a 1679, har ƙashi take narkarwa, daga baya a 1879 Charles Chamberland wanda yayi aiki da Louis Pasteur ya ƙera na'urar otokilab da asibitoci ke tsarkake kayan tiyata da ita har yau. Ita kanta dabarar renon iri a jikin hatsi ba tsohuwa bace sosai, James Sinden na jami'ar jihar Pennsylvania a Amurka ne ya yi mata rijista a 1932, kafin nan da takin doki ake haɗa iri.

To lambar da nakeso ki riƙe, ki rubuta a takarda ki tafi da ita kasuwa, ita ce 15 psi, psi ɗin nan ma'aunin matsin tururi ne a cikin tukunya. A wasu tukwanen za ki ga an rubuta 100 kPa ko 103 kPa ko 1 bar ko 1 kg/cm2, kusan duk abu ɗaya ne. A wannan matsin tururi na kaiwa digiri 121, kuma shine zafin da ke fasa ɓawon nan. Kwalba mai cin kusan lita 1 tana buƙatar minti 90 a haka. Idan kin shiga shago kada ki tsaya kallon ƙyalli ko sunan kamfani tukuna, juya murfin ki duba, duba gindin tukunyar, duba jikin ɗan dutsen nan mai nauyi da ake ɗorawa a kan bututun murfi, duba takardar cikin kwali. Da yawan tukwanen da ke kasuwanninmu musamman masu arahar nan za ki ga 80 kPa a jikinsu, wannan zafinsa wajen digiri 116 zuwa 117 ne. Don dafa wake ko ganda ko ƙafar sa babu laifi sam, amma ga hatsin iri ya gaza kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin yana da yawa a wurin ƙwayoyin nan, don duk digirin da ya ragu sai an biya shi da lokaci. Idan ita kaɗai kika samu za ta yi, sai dai ki kai awa 2 zuwa 2 da rabi, kuma nan wata matsalar ke ɓullowa, ƙaramar tukunya ruwanta kan ƙone kafin lokacin ya cika. Wacce babu lamba a jikinta ko ɗaya, mai shago kawai yana ce miki wallahi Hajiya mai kyau ce, ki bar masa abarsa.

Abu na biyu girma, kuma a nan ne naga mutane sun fi yin asarar kuɗi. Abinda aka rubuta na lita ba shine zai gaya miki kwalba nawa zata ci ba. Tukunyar lita 5 ko 6 ko 7 ta girkin gida sau da yawa babbar kwalbar Bama ko tsayuwa ba za ta yi a ciki ba, in ta tsaya ma biyu ne ko uku. Lissafa kiga, kwalba 12 a tukunya mai cin 3 ɗauri huɗu kenan, kowane ɗauri tsakanin hawan zafi da minti 90 da jiran hucewa zai ci miki awa 3 ko fi, yini ya tafi gas ya tafi. Ni shawarata indai da gaske kike kada ki sayi abinda ya gaza lita 18, in da hali 20 zuwa 22. Kuma dan Allah ki saka kwalabenki guda biyu uku a jaka ki tafi dasu, a gaban mai shago ki jera su a ciki ki rufe murfi ki gani da idonki. Ki bar wurin abinda za ki shimfiɗa a ƙasa don kwalba ba ta zama a gindin tukunya kai tsaye, fashewa take, sannan ki bar sarari kamar yatsa biyu uku tsakanin kan kwalba da murfi.

Game da kamfanoni, wanda masu wannan sana'ar a Amurka suka fi yawan amfani da ita ita ce Presto mai kwat 23, kusan lita 22 kenan, tana cin kwalba 7 masu kusan lita 1, tana da agogon matsi a murfi da dutse mai 15 psi, asali don adana abinci a kwalba aka yi ta. Akwai All American, ita ta fi kauri da nauyi, murfinta ba roba, ƙarfe ne ke zama kan ƙarfe ana ɗaure shi da kusoshi kewaye, tana daɗewa ƙwarai amma kuɗinta ba na mai farawa bane kuma sai an yi oda. Abinda ya fi kusa da mu shine na Indiya, Hawkins da Prestige, yawancinsu a kusan 15 psi suke aiki, kuma Hawkins na da manya da suke kira Bigboy masu lita 14 da 18 da 22 na masu gidan abinci. Sai dai ki lura murfin Hawkins ta ciki yake shiga, bakin tukunyar ya fi cikinta ƙanƙanta kuma murfin na buƙatar wurin juyawa kafin ya zauna, to idan kwalaben sunyi tsawo murfi ba zai shiga ba, shi yasa nace ki gwada kafin ki biya. Su kuma na Indiyan fito suke yi, matsi ya hau su yi fito su zubar da tururi, kowane fito ruwa ne ke tafiya, don haka da ta yi na farko sai ki rage wuta yadda za ta riƙa tsiyayar da tururi a hankali tana fito jefi jefi.

In so samu ne mai agogo a murfi ta fi, kina ganin allura da idonki hankalinki a kwance. Amma tsakanin agogo da dutse ni na fi yarda da dutse, agogo na iya lalacewa ya riƙa nuna ƙarya, nauyin dutse kuwa ba ya canzawa. Alminiyom ko silba mai ƙyallin nan da ba ta tsatsa, duk suna yi, alminiyom ta fi araha da sauƙin ɗauka kuma tunda hatsin a kwalba yake ba ya taɓa ta, abinda kawai ba ta yafewa shine ƙonewar ruwa, gindinta lanƙwashewa yake. Ki tambayi mai shago ko ana samun robar murfinta daban, in babu to ranar da roba ta saki tukunya ta zama ta dafa taliya. Na gwanjo kuma ba haramun bane, na sha ganin masu kyau, amma ki ɗaga murfi ki leƙa bututun ta hasken rana kiga a buɗe yake, ki duba ɗan bawul ɗin kariya ba'a toshe shi da ƙusa ko walda ba, dutsen kuma nata ne na asali ba na wata tukunyar aka ɗora mata ba.

Yadda za ki yi aiki da ita a taƙaice: ki jiƙa dawa awa 12 zuwa 24, ki tafasa minti 10 zuwa 15 yadda za ta sha ruwa amma ba ta fashe ba, ki tsane ki baza har bayanta ya bushe, in kin damƙa kada ta jiƙa miki tafin hannu. Ki cika kwalba kashi biyu cikin uku, ki huda murfin ki cusa auduga don iri na numfashi, ki lulluɓe da foyil don ruwa kada ya jiƙa audugar. Ruwa a tukunya kamar santimita 5 zuwa 7. Ki rufe amma kada ki ɗora dutse tukuna, ki bar tururi ya yi ta fita da ƙarfi minti 10, wannan matakin mutane da yawa na tsallake shi alhali iskar da ta maƙale a ciki tana hana zafi kaiwa inda ake so ko da agogo ya nuna 15. Sai ki ɗora dutse, lokacin da ya fara rawa ko fito daga nan ake fara ƙirga minti 90, ba daga sanda aka kunna wuta ba. In lokaci ya cika ki kashe ki bar ta ta huce da kanta, kada ki zuba mata ruwan sanyi, kada ki ɗaga dutse, ni na fi son a dafa da daddare a buɗe da safe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jos, ɗakina ƙarami ne ba'a bari mu kunna gas, inaso na sayi ta lantarki irin Instant Pot tunda naga ita danna maɓalli kawai ake, zata yi? Daga wani ɗalibi a Jos.

AMSA: Ɗana barka kadai, Allah ya bada sa'ar karatu. Ka zauna a garin da ya dace da wannan noman don sanyin Jos naman kaza na sonsa, amma tudun nan naku yana da nasa harajin. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iska a can ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, shi yasa ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Dutsen tukunya kuwa ƙari yake yi akan nauyin iskar wurin da kake, to ko tukunya mai 15 psi cikakkiya a Jos digiri 118 zuwa 119 za ta baka. Mutumin Kano ko Zariya ko Sakkwato bai kamata ya damu da wannan ba, amma kai da mutanen Mambila sai kun ƙara lokaci, inda wani ke yin minti 90 kai kayi awa 2.

Yanzu ɗora wannan akan ta lantarki. Yawancin Instant Pot da ire-irenta tsakanin 10 zuwa 12 psi suke aiki, wato ko a bakin teku digiri 115 zuwa 117 ne, a Jos kuma ƙasa da haka. Akwai samfurin da suka kira Max da ke kaiwa 15, amma cikinta ƙarami ne. Ba zan ce maka ba'a taɓa yin nasara da ita ba, ana yi, da ƙananan kwalabe masu rabin lita da lokaci mai tsawo awa 2 da rabi zuwa 3, kuma tana da kyau ɗaya, ba ta zubar da tururi sosai don haka ruwanta ba ya saurin ƙonewa. Abinda ke bani tsoro shine wutar NEPA. Idan an ɗauke a minti na 70 matsi ya sauka, ba ci gaba za ka yi daga 70 ba, daga farko za ka sake ƙirgawa. In don gwaji ne da koyo, kwalba biyu uku, kuma ka tabbatar da wutar unguwarku, bismillah. In kana tunanin sana'a ne gara ka haɗa kai da wani abokin da ke zaune a gida mai tsakar gida ku sayi babbar ta gas tare.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, muna gaisuwa daga Nijar. Tukunyar nan tayi min tsada, akwai wani mai walda a layinmu yace zai iya haɗa min duro na lita 200 ya like murfin da kusoshi ya sa masa agogo, ya ce zai ci leda 50 lokaci guda. Me ka gani? Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Don girman Allah kada ka yi. Ba raina sana'ar mai walda nake ba, bari na baka lissafi kawai ka kai masa. 15 psi na nufin kusan kilo 1 na danna kowane santimita murabba'i ɗaya. Murfin tukunya mai faɗin santimita 30 yana ɗauke da nauyin sama da kilo 700 daga ciki. Murfin duro faɗinsa wajen santimita 57 ne, idan ka buga lissafi abinda ke tura shi ya haura tan 2 da rabi, a jikin falle ɗaya na ƙarfe da aka yi don zuba mai ba don riƙe matsi ba, murfinsa kuma a shimfiɗe yake ba'a yi masa doron da zai raba nauyi ba. Ranar da walda ta saki ba tsagewa zai yi a hankali ba, tashi zai yi da tafasasshen ruwa, kuma a tsakar gida ake wannan aikin inda yara ke wasa.

Duro na da aikinsa amma ba a rufe ruf ba. Ka gane akwai abu biyu da mutane ke haɗawa. Hatsin iri shine ke buƙatar digiri 121 don abinci ne mai maiƙo ga kowace ƙwaya. Shi kuwa abin shukar, karan dawa da aka sassara ko tattakar shinkafa, ba ya buƙatar tukunyar firesha ko kaɗan, ruwan zafi digiri 65 zuwa 80 na awa 1 zuwa 2 ya wadatar, kuma hakan ma ya fi don yana barin wasu ƙwayoyi marasa cutarwa da ke tare wa funfuna hanya. Ledojin garin katako da aka haɗa da dusa su ake turarawa a duro, a sa katako ko ƙarfe a ƙasa sama da ruwa, a jera leda, a rufe da buhu da murfi mai huda yadda tururi ke fita, a yi ta wuta sa'o'i masu yawa. Haka manoma da dama ke yi a Gana da kudancin Najeriya, su sayi iri a kwalba daga masu haɗawa, a Accra cibiyar binciken abinci ta CSIR ta daɗe tana wannan aikin, a Legas kuma akwai cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi tana koyarwa.

Kuma ka duba, ba iri mai yawa kake buƙata ba. Kwalba ɗaya mai kusan rabin kilo na iri tana isar kara jiƙaƙƙe kilo 5, har fiye in hannunka ya faɗa. Tukunya mai cin kwalba 7 a ɗauri ɗaya ta baka irin kilo 35 na abin shuka kenan, ga mai farawa wannan ba kaɗan bane. In kuwa babu halin tukunya sam, akwai tsohuwar dabarar John Tyndall, wani masani da ya yi aiki a Ingila a shekarun 1870, a turara yau a bari ya kwana, masu ɓawon nan su farka, gobe a sake turarawa, jibi a sake, kwana uku a jere. Tana ragewa, amma a hatsi ba ta da tabbas, za ka riƙa samun wasu kwalaben sun lalace, ga cin itace.

Maganar leda da ka yi, in har za ka sa leda a tukunyar firesha to sai mai jure zafi wadda ake rubuta wa PP ko lamba 5, ledar fiya wata da baƙar ledar kasuwa narkewa suke. Kuma leda na kumbura ta toshe bututun murfi, wannan haɗari ne babba, sai an ɗora faranti a kansu an danne, lokacinsu kuma ya fi na kwalba, awa 2 zuwa 2 da rabi.

TAMBAYA: Malam maigida yace in dai za'a sayi tukunyar to sai dai in riƙa dafa wake da ita ma, ba matsala? Daga wata amarya a Kaduna.

AMSA: Babu matsala ƙanwata, Allah ya bada zaman lafiya. Hatsi ne da ruwa kawai ke shiga, ba magani ba guba. Ki dai wanke bututun da kyau bayan wake don ɓawonsa na toshe shi, ki cire robar ki wanke maiƙonta. Kwalbar da ta yi funfuna ce kawai ban so ki buɗe a kicin, ki kai waje nesa da ɗakin nomanki. In ruwanku mai gishiri gishiri ne yana barin farin tabo, ki matsa lemun tsami kaɗan a ruwan tukunyar.

TAMBAYA: Malam na sayi mai 15 ɗin kamar yadda ake faɗa, minti 90 cif nake yi amma har yanzu kore kore nake gani a kwalabe bayan sati ɗaya, wasu kuma iri baya kamawa kwata kwata dawar tana nan yadda take. Ko tukunyar jabu ce? Raina ya fara ɓaci wlh. Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Yi haƙuri Alhaji, kada ka yanke wa tukunya hukunci tukuna, akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama. A ɗauri na gaba ka ware kwalba biyu kada ka buɗe su, kada ka zuba musu komai, ka ajiye su tare da sauran kwana 7 zuwa 10. Idan suka yi tsami ko ruwa ruwa alhali ba'a taɓa su ba to dahuwar ce bata yi ba, sai a duba roba ko tana yoyo ta gefe, a duba ko kana fitar da iskar farko, a duba daga ina kake fara ƙirga lokaci. Idan kuwa suna nan garau amma waɗanda ka buɗe ne suka lalace, tukunya ta fita, matsalar a lokacin zuba iri take.

Kuma launin da ka faɗa ya riga ya bani amsa rabi. Koren funfunar nan, mafi yawa Trichoderma ce, ba ta da juriyar zafi, tun kafin ruwa ya kai tafasa take mutuwa, ba yadda za'a yi ta tsira daga minti 90 a tukunyar firesha. In ka ganta to daga baya ta shiga, ko ta iska lokacin da ka buɗe murfi, ko audugar ta jiƙe, ko kuma uwar irin da ka ɗebo daga ciki dama da ita ta zo. Ni ma a farkon farawata na yi asarar ɗauri biyu a jere a lokacin hunturu ina ta zargin roba, ashe tagar ɗakin ce ke shigo min da ƙura ga fanka tana juyawa a sama. Ka samu babban bokitin roba mai haske mai murfi, irin mai kusurwa huɗun nan, ka huda ramuka biyu a gefe na shigar hannu, ka goge ciki da ruwan sabulu ko sifirit mai kashi 70, ka kashe fanka ka rufe taga ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ka jira kamar minti 15 sannan ka yi aikinka a ciki, hannu a goge da sifirit, baki a rufe da takunkumi, kwalba kada ta wuce 'yan daƙiƙu a buɗe. Sifirit na kama wuta, kada ka kunna ashana ko kyandir a cikin akwatin.

Waɗanda kuma iri baya kamawa sam, abu uku nake zargi. Ko ka zuba iri kwalba da sauran zafi a tsakiyarta, bayan kwalba na iya yin sanyi ciki na nan da ɗumi, shi yasa nake cewa a bari ta kwana. Ko zafin gari, farin zaren oyista ya fi son digiri 24 zuwa 28, in ya haura 35 sai ya tsaya, a Kano kuwa watan Afrilu ana haura 40, ɗakin kwano ma ya fi haka, to ka nemi ɗakin ƙasa ko lungun da randa take, ka sauke kwalaben ƙasa kada ka cusa su waje ɗaya don su ma suna fitar da nasu ɗumin. Na uku ita kanta dawar. Kada ka kuskura ka yi amfani da irin shuka da aka shafa wa jan maganin nan, a cikinsa akwai maganin funfuna, shi kuwa naman kaza ɗan gidansu funfuna ne, abinda ke kashe ta shi ma yana kashe shi. Ka sayi dawar ci, kaura ko farfara duk ɗaya, a wurin wanda ka sani, in ka shiga Dawanau ka ɗebo ka sansana, mai warin magani ko mai ƙwari da gari a gindin buhu ka wuce ta. Gero ma yana yi sosai, ƙwayarsa ƙanana ce tana bazuwa ko'ina a cikin kara, sai dai saurin caɓewa gare shi don haka tafasarsa kada ta kai ta dawa.

In komai ya tafi daidai a kwana na 3 zuwa 5 za ka fara ganin fari kamar auduga yana kama ƙwayoyin da ke kusa da inda iri ya faɗa, in ya ci kamar kashi ɗaya cikin uku sai ka girgiza kwalbar ya watsu, cikin sati 2 zuwa 3 ta yi fari fat tana ƙamshi irin na ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Ka yi gwajin kwalba biyun nan Alhaji ka rubuto min abinda ka gani, ka haɗa da lambar da ke jikin dutsen tukunyarka.